Kwanon Masunci Ya Rasu a Hannun Masana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Rao Guizhi, mazauniyar bene na uku a Layin Tsohuwar Matoya, nan Jingdezhen, garin tangaran na ƙasar Sin, nake sanar da dangi, da maƙwabta, da ragowar abokan aikina na masana'antar bakin gada waɗanda har yanzu idonsu ke iya karatu, rasuwar kwanon shayina, wanda gidanmu ya sani da suna Masunci. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a babban ɗakin taro na sabon otal ɗin hanyar tashar jirgin ƙasa, a gaban mutum wajen ɗari uku, yana da shekara ɗari uku da 'yan kai a duniya. Bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau na bar shi a kan kanta, na kife shi a kan farin ƙyallensa, na tafi asibiti a duba mini ido.

Irin su ake wa laƙabi da faɗi-ka-mutu. Ina so kowa ya sani, musamman masu yawo da magana a kasuwar safe, cewa marigayi bai faɗi ba. Shekara ɗari uku yana wucewa daga hannun tsofaffi masu rawar jiki zuwa hannun amare masu sauri, da yara masu maiƙon hannu, bai taɓa sumbatar ƙasa ba. Kashe shi aka yi, da rana tsaka, ana tafi.

An haife shi a zamanin Sarki Kangxi, a ɗaya daga cikin matoyun talakawa na bakin kogin Chang. Babu tambarin fada a gindinsa, bai kuma taɓa yin ƙaryar yana da shi ba. Girmansa daidai tafin hannu biyu. Farinsa irin na ƙwan agwagwa ne, mai ɗan duhu kaɗan idan an duba shi a inuwa. A jikinsa akwai masunci ɗaya cikin kwale-kwale, ƙarƙashin itaciya mai sunkuyayyun rassa, da layin ruwa shida a ƙasansa, duk da shuɗi. Malafar masuncin a karkace take, kamar iska ta ture ta. Wanda ya zana shi ba a san sunansa ba. Ma'aikaci ne mai zana kwano ɗaruruwa a yini, ina kyautata zaton yunwa yake ji a lokacin, domin jan alƙalami tara ya yi ya gama mutum da jirginsa ya miƙa hannu ga na gaba.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifina ya ajiye shi a gabana, ya ba ni alƙalamin gashi da ruwan shuɗi, ya ce in kwaikwayi masuncin nan har ranar da zan same shi. Ya kuma kafa mini doka ɗaya: duk abin da na kwaikwaya, in ƙara masa layin ruwa guda, domin kada aikina ya yi wa kowa ƙarya bayan raina. Shekara hamsin na yi ina zana shi. Ban same shi ba. Hannuna ya fi na mutumin nan tsabta, malafata a daidaice take fitowa duk yadda na so in karkata ta, amma saurin nan nasa, na wanda bai damu da a yabe shi ba, ban taɓa kama shi ba.

Marigayi ya ga duniya. Ya ga yaƙi, ya ga ambaliya biyu da na sani da wasu da aka ba ni labari. A shekarun da samari masu jan ƙyalle a damtse suke bi gida-gida suna farfasa duk abin da ya girme su, mahaifiyata ta shafe shi da laka ta ajiye wa kaji a bayan ɗaki. Shekara tara yana shayar da kaji, suna taka shi, suna yi masa abin da kaji ke yi. Samarin sun shigo sau biyu, sun fasa tulun kakata da madubi, sun tsallake shi suna toshe hanci. Ban raina waɗancan yara kamar yadda na raina mutanen ranar Asabar ba. Su aƙalla sun san tsohon abu suke fasawa.

Halinsa kuwa, ban san wanda zan kwatanta shi da shi cikin masu rai ba. Bai taɓa ƙona wa kowa leɓe ba. Bai bambanta ganyen shayin farkon bazara na yankin Fuliang da garin shayin da muke sharowa daga gindin gwangwani a shekarun wahala ba, kowanne aka zuba masa ya riƙe da mutunci. A cikinsa mijina, marigayi Zhan, ya sha maganinsa mai ɗaci a watansa na ƙarshe, domin ya ce a nan kaɗai yake iya haɗiye shi. Ba shi da yawan magana. Idan aka zuba masa ruwan zafi da sanyin safiya yakan ce "tsit" sau ɗaya, ya yi shiru. Idan aka ɗan ɗana masa farce a baki yakan ce "tinnn", ya ja ta har mutum ya tashi daga kujera ya kai bakin ƙofa ba ta ƙare ba.

Yanzu sai yadda ajali ya same shi. Zan faɗa dalla-dalla, don na ji ana cewa tsufa ya sa ban san abin da ya faru ba.

Ina da ɗa guda ɗaya, Zhan Libo, ɗan shekara arba'in da biyu. Sana'arsa sayar da kayan shayi ta waya, a bidiyo kai tsaye: ya kafa fitila mai zagaye a gabansa, ya sa riga marar wuya irin ta malaman da, ya naɗe carbin katako a hannu, ya yi ta kiran mutanen da bai taɓa gani ba da 'yan uwana. A garin nan aka haife shi, a ƙarƙashin teburin zanena ya yi rarrafe, amma har yau bai iya bambanta abin da aka gasa da itace da wanda aka gasa da gas ba. Ya daɗe yana zagaya marigayi. Da farko cewa ya yi in ba shi ya nuna wa masu kallonsa na minti biyar. Daga baya ya ce kwano irin wannan bai kamata ya zauna babu takardar shaida ba. Na ce masa kwanon ya kai shekara ɗari uku bai san yana buƙatar takarda ba.

Abin da yake so a zahiri shi ne kujera a Ƙungiyar Masu Kishin Kayan Da, taron dillalai masu manyan tumbi da ke haɗuwa duk wata su yabi juna. Shugabansu wani ne Kuang Shide, wanda kowa ke ce wa Malam Kuang. Su ne suka shirya taron Asabar, wai tsarkake kasuwa. Kowa ya kawo abinsa, Malam Kuang ya duba. Na gaske a ba shi takarda mai jan hatimi. Na jabu kuwa, mai shi ya riga ya sa hannu cewa ya yarda a fasa shi nan take a gaban jama'a, kuma shi da kansa zai buga.

Libo yana da mabuɗin gidana. Ya san ranar asibitina, don shi ya karɓo mini katin. Ya shiga, ya ɗauka, ya sa hannu a takardarsu.

Ina zaune a layin likita, an ɗiga mini maganin da ke sa ido ya yi hazo, sai ga maƙwabcina Tsoho Pei yana haki. Pei shekara arba'in ya yi yana tura itace a tanderu, yanzu yana da saba'in da tara, kunnensa ɗaya ya mutu, don haka duk maganarsa kamar yana kiran mutum daga tsallaken kogi ce. 'Yarsa ce ta ga taron a waya ta nuna masa. Bai yi dogon bayani ba, ya ce in taso, Masunci na kan teburin Kuang. Na bar layin. Ya ɗauke ni a kekensa mai ƙafa uku, muka keta gari yana zagin duk motar da ta tsaya a gabansa.

Masu gadin ƙofa suka ce sai da katin gayyata. Pei ya yi musu bayani da muryarsa har mutanen ciki suka fara waiwayowa, sai suka bar mu muka shiga don a samu lafiya.

Na hango Masunci daga nesa, duk da hazon idona, a kan jan ƙyalle, ƙarƙashin fitilun da suka fi ƙarfinsa. Malam Kuang na tsaye a kansa da farar safar hannu da gilashin ƙara girma. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya shinshina shi, ya girgiza kai a hankali yadda masu ɗaukar hoto za su samu. Sannan ya sa aka kawo masa wani akwati mai shimfiɗar siliki, ya fito da kwano na biyu, irin na farko sak, ya jera su. Ya gaya wa jama'a cewa wannan nasa ne, ya sayo shi daga wani tsohon gida a Fujian, kuma da shi yake auna duk wani kwanon masunci da aka kawo masa.

"Wannan nawa aikin mutanen da ba sa gaggawa ne," in ji shi. "Ku dubi malafar nawa, a zaune take daram. Ku dubi ta wannan. Aikin ɗan zamani ne mai son ya gama ya je ya duba wayarsa."

Aka yi dariya. Na ratsa tsakanin kujeru na isa gindin dandamali. Na ce masa, cikin ladabin da yanzu nake nadamarsa, Malam Kuang, a kwanon nan kakan kakana ya sha shayi.

Ya sunkuyo da murmushi irin wanda ake yi wa yaro. "Goggo, duk wanda ya shigo ɗakin nan da kakan kakansa ya shigo."

Aka sake dariya, wannan karon har da tafi. Na dubi ɗana. Yana tsaye a gefe, fuskarsa ta yi ja, sun riga sun damƙa masa guduma, ta katako, an shafa mata ruwan zinariya an ɗaure mata jan zare a wuya kamar amarya. Na kira sunansa. Na ce ya ajiye, ya ɗauko kwanon mu tafi gida, ba sai an ba mu takarda ba.

"Mama, don Allah je ki zauna. Mutane na kallo."

Mai gabatarwa, wata yarinya mai doguwar jar riga, ta ce jama'a su ƙarfafa wa wannan matashi gwiwa, wanda ya fifita gaskiya a kan son zuciya. Suka ƙarfafa masa. Ya gyara tsayuwa yadda fuskarsa za ta fito da kyau, ya ɗaga, ya buga.

Bugun farko bai fasa shi ba. Marigayi ya yi tsalle kaɗan a kan ƙyallen ya ce "tinnn", ta bi lasifika ta cika ɗakin, doguwa, mai tsabta. Duk wanda ya taɓa aikin tangaran a ɗakin nan ya san abin da ya ji. Na ga wasu tsofaffi biyu a layin gaba sun dubi juna. Ba wanda ya tashi. Da a lokacin mutum ɗaya ya ce a dakata, da ba na rubuta wannan takarda. Libo ya sake ɗagawa tun muryar ba ta gama mutuwa ba. Bugu na biyu ba shi da wata ƙara ta kirki, kamar an taka busasshen ganye.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Na tsinci kaina a durƙushe ina tattara shi cikin ƙyallen hancina. Ya rabu goma sha huɗu, ban da gari. Masuncin ya tsage ta tsakiya, gindin kwanon kuwa ya fita zagaye guda, bai ko ɓantare ba.

Pei ya hau bayana, ya ɗauki gutsure ɗaya ya juya karayar ga haske, ya goga babban yatsansa a kai. Ya ce wannan yumɓu turmin ruwa ne ya daka shi, ba inji ba, duk mai ido ya zo ya ga cikinsa kamar dafaffiyar shinkafa mai danƙo. Ya ce wutar itace ce ta gasa shi, shi ya san aikin wuta kamar yadda ya san fuskar matarsa. Ba ya buƙatar lasifika, na bayan ɗaki ma sun ji. Sannan ya juya ga mai farar safa.

"Kuang, lokacin da nake kwana uku a bakin tanderu, kai batir da agogon roba kake sayarwa a tasha. Yaushe ka zama malam ban ji ba?"

Ni ban tsaya wannan ba. Idona na kan kwano na biyu. Tun ina ƙasa wani abu a jikinsa yake kirana. Na matsa, na kawo fuskata dab da shi saboda hazon, na bi layin ruwan da ke ƙarƙashin jirgin da ido. Bakwai ne.

Na san malafar. Na san reshen da ya ɗan yi kauri a hagu, inda hannuna yake nauyi. Na miƙe na gaya wa Malam Kuang, da duk wanda ya ga dama ya ji, cewa wannan kwano nasa na zamanin sarakuna ni na zana shi, a masana'antar bakin gada, a tebur na huɗu daga taga.

"Ina da cikin wannan da ke riƙe da guduma na zana shi. Juya gindinsa. Akwai tambarin masana'antarmu a wurin, wani ya goge da dutsen wasa wuƙa, ya dafa shi a ruwan shayi da jar ƙasa, ya kai maka Fujian."

Bai juya ba. Ya ce baƙin ciki kan sa tsofaffi su faɗi abubuwa, a taimaka wa Goggo ta sauka. Na ce zan sauka, amma takardarsu ta ce duk na jabu a fasa shi nan take, kuma mai shi ne zai buga, to ga guduma nan a hannun ɗana, a miƙa wa Malam. Mutumin nan, da ya sa aka fasa kayan mutum goma sha ɗaya a safiyar yana wa'azin gaskiya, ya rungume kwanona a ƙirjinsa da hannu biyu kamar an ce za a ƙwace masa jariri. Sai aka ƙure kiɗa, yarinya mai jar riga ta sanar da hutun cin abinci, masu hoto suka juya na'urorinsu bango. Jama'ar da suka yi tafi suka tashi suka nufi teburin taliya. Na ji wani na cewa taron bana ya fi na bara armashi.

Marigayi ya rasu ya bar butar ƙarfe guda, abokiyar zamansa ta shekara talatin, wadda tun ranar Asabar ban ɗora ta a wuta ba. Ya bar farantin gora, da farin ƙyalle, da zagayen tabo a kan teburina wanda na hana a goge. Ya bar 'ya'ya da yawa, duk ta hannuna, kowanne da layin ruwa bakwai da malafa madaidaiciya. Wasunsu suna gidajen mutanen kirki ana shan shayi da su, sun san ko su waye. Wasu sun bi duniya, an goge musu asali, suna zaune a akwatunan gilashi suna karɓar gaisuwar da ba tasu ba. Babbansu a shahara yana shagon Malam Kuang, ko da yake na ji an ce tun ranar Lahadi ba a ganinsa a taga. Ban riƙe su a zuciya ba, ba su suka kai kansu ba.

Cikin masu ta'aziyya, ina godiya ga matan tebur na uku da na biyar na masana'antarmu da suka hau bene uku da gwiwoyinsu, suka zauna ba su ce komai ba. Ba na godiya ga waɗanda suka zo tambayar nawa ne da zai yi a Beijing. Ba na godiya ga matashiyar da ta ce in ba ta gutsuren da ke da fuskar masunci ta sa masa azurfa ta yi abin wuya.

Malam Kuang ma ya zo, ranar Talata da la'asar, ba safar hannu, da kwandon lemo da gwangwanin shayi mai tsada. Ya kira ni Malama Rao. Ya ce ido kan gaji, fitilun otal kan ruɗi mutum, kuma ƙungiya na tunanin ba ni lambar girma ta tsofaffin masu zane. Ya ce ba alheri ba ne ga sunan garinmu a yi ta tayar da maganar. Na bar shi ya gama. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi: ko zan bar masa gindin kwanon, don nazari.

Duk ɗan garin nan ya san nazarin da ake yi da tsohon gindi. A gina masa sabon jiki a kai, a mayar tanderu, a goge wurin haɗin. Mai saye ya juya ƙasa ya ga yumɓun gaske, ya ga tsufan gaske, ya buɗe jaka. Wato mutumin da ya ce marigayi ɗan jabu ne yana raye, yana so ya yi jabu da gawarsa. Na ce masa ya ɗauki lemonsa, matakala ta biyu daga sama tana da santsi, ya kula. Pei na zaune a bakin ƙofarsa, ya raka shi da kalmomin da ba za su shiga takardar rasuwa ba.

Sai ɗana. Tun ranar Lahadi yake zuwa kowace safiya ya tsaya a bakin ƙofata, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya kuma amfani da mabuɗin. Ina jin numfashinsa, sai can in ji saukarsa. Matarsa Manli ta ce mini ya kashe fitilarsa mai zagaye, ba ya cin abinci sosai, kuma ƙungiyar ba ta ba shi kujerar ba. Na ƙarshen nan ban san don me ta gaya mini ba. Jiya na buɗe. Ya cire carbin, ya sa tsohuwar rigar sanyin ubansa. Ya miƙo mini mabuɗin, na karɓa. 

"Mama, na ɗauka Malam Kuang ne ya sani."

Na ce masa na gane. Na ce shekara arba'in da biyu yana ganin shuɗi a ƙarƙashin farcena, da shi aka saya masa takalmin makaranta, amma ranar da aka tsayar da maganata da ta mai farar safa, bai ko yi jinkirin numfashi ɗaya ba. Na ce kwanon ya mutu sau ɗaya, an gama, amma wannan kullum da safe nake tashi da shi. Ya yi kuka a tsaye, babban mutum, har maƙwabta na sama suka rage rediyo. Ban rarrashe shi ba. Ban kuma rufe ƙofar ba sai da ya sauka.

Ga tsarin jana'iza.

Za a yi ta ranar Lahadi mai zuwa, da ƙarfe tara na safe, a gaɓar kogin Chang, ƙasa da tsohuwar gada, inda matoyun da suke zubar da abin da ya fashe musu. An ba ni shawarar in kai shi wurin masu ɗinkin ƙarfe ko masu liƙi da zinariya, na ƙi. Zai tsaya, amma ba zai ƙara magana ba. An ce in binne shi, na ƙi, domin na san mutanen garina, kafin azahar wani ya tone. Tsoho Pei zai kawo turmin dutsensa na daka kala. Gutsure goma sha uku shi zai daka. Na goma sha huɗu, gindin, wanda ba abin da ya same shi, ni zan fasa da hannuna, kuma ina roƙon kada kowa ya dube ni a lokacin. Garin za a zuba shi a ruwa.

Masu zuwa su sa fari ko abin da ya samu mai tsabta. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi. Duk wanda ya fito da waya za a roƙe shi ya koma kan gada ya ƙarasa kallonsa daga can. 'Yan Ƙungiyar Masu Kishin Kayan Da an yafe musu zuwa, kishin da suka nuna ya wadatar.

Bayan an gama za a sha shayi a nan bakin ruwa, na Fuliang, mai kyau. A kofin takarda za a sha. Zhan Libo, ɗan mai wannan sanarwa, an yarda ya halarta, kuma shi zai zagaya da kofunan. Abin da zan iya damƙa wa hannunsa ke nan a bana.

Sanarwa daga Rao Guizhi, mai zanen shuɗi, mai ritaya.